Lissafi a Rumbu, a Kasuwa da Kan Dara: Tambayoyin Malaman Kebbi da Amsoshinsu

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin malaman firamare da na ƙaramar sakandare a jihar Kebbi, wani lokaci da iyaye, idan aka tayar da maganar koyar da lissafi ta hanyar sana'o'i da wasannin gida. Alƙaluman da ke cikin misalan duk na buga misali ne. Kowane malami ya auna na garinsu.

Me ake nufi da aikin lissafi mai tushe a al'ada?

Aiki ne da yara za su shafe mako biyu ko uku suna yi rukuni-rukuni, a kan abin da suke gani kullum a gida ko a kasuwa: rumbu, mudu, faifai, dara, adashi, gonar shinkafa. Ana fara shi da tambaya ta gaske, wadda malamin kansa ba shi da amsarta a aljihu, kamar a ce, "Rumbun gidanku zai ci buhu nawa na gero?" Yara su je su auna, su rubuta, su yi gardama, su kawo amsa tare da hujjarta.

Ba shi ne a ɗauki tambayar littafi a goge lemo a rubuta goro ba. Wannan canjin suna ne kawai, lissafin yana nan yadda yake, yaro kuma bai taɓa komai da hannunsa ba. Haka nan ba shi ne ranar al'ada ba, da ake sa kayan gargajiya a yi rawa a ci waina a watse.

Wannan sabon salo ne da aka kawo daga waje?

Rubuce-rubucen masana ilimi a kansa daga waje suka fi zuwa. Wani malamin lissafi ɗan ƙasar Brazil, Ubiratan D'Ambrosio, shi ya yi fice wajen jawo hankalin duniya a kan lissafin da al'ummomi ke yi a sana'o'insu, musamman bayan jawabinsa a taron malaman lissafi na duniya a Ostareliya a 1984. Amma abin da yake magana a kai ya daɗe a ƙasar nan. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta hanyoyin tsara murabba'in lambobi tun 1732. A zaurukan karatu na Gwandu da sauran garuruwan daular Usmaniyya kuwa, duk wanda ya karanta fara'il, wato ilimin rabon gado, ya sha aikin rabi da sulusi da sudusi da sumuni. Kalmomin sulusi da sudusi da sumuni ma da muke kiran kaso da su daga Larabci suka shigo bakinmu.

Ni sabon shiga ne. Da wane aiki zan fara?

Ka fara da mudu. Ba ya cin kuɗi, ba ya buƙatar fita daga makaranta, kuma babu yaron da bai san shi ba. Ka ce rukuni huɗu ko biyar kowanne ya aro mudu ko tiya daga gida dabam. A kawo gero ko yashi, da robar ruwa mai cin lita ɗaya. Tambayar ita ce: mudu mudu ne a ko'ina?

Nan take za su gano ba haka ba ne. Wani kwanon ya fi wani zurfi, wani an bubbuge gindinsa, sannan ga hannun mai awo: wani yana shafe bakin kwano, wani yana cika shi har ya yi tsini ya kuma tare da hannu, wani ya ƙara gyara. A sa yara biyar su auna hatsi ɗaya da kwano ɗaya, za a samu amsoshin da ba su zo daidai ba. Daga nan maganar matsakaici ta taso da kanta, ba malami ne ya ɗora ta ba. Daga nan kuma yaro zai gane dalilin da ya sa aka yi lita da kilo, abin da a da yake haddacewa kawai. In aji ya yi nisa, a ƙara tambayar ɗan kasuwa: wanda ya sayi buhu a Jega ya zo ya sayar mudu-mudu a ƙauye, mudu nawa zai fitar kafin ya mayar da uwar kuɗi da kuɗin mota?

Yaya ake aikin rumbu, tunda ba za a iya shiga ciki a auna ba?

Wannan ƙin shiguwar ita ce daɗin aikin. Kafin a je wurin rumbu, a yi kwana ɗaya da ƙananan abubuwa masu da'ira: ƙwarya, faifai, bakin tukunya, murfin bokiti. Kowane rukuni ya zagaya abin da zare ya auna tsawon zaren, ya auna faɗin bakin ta tsakiya, ya raba na farko da na biyu. A rubuta amsoshin a allo. Za a ga 3.1, 3.2, 3.0, 3.15, duk suna kewaya wuri ɗaya, babban abu da ƙarami. Sai bayan sun ga wannan da idonsu malami zai ce musu sunan lambar nan pai, kuma ana ɗaukarta 3.14 ko 22 bisa 7.

A wurin rumbu, igiya ce za ta yi aiki. A ce an zagaya cikinsa an samu mita 6.3. A raba da 6.28, wato pai sau biyu, rabin faɗinsa ya kama mita 1 ke nan. In tsayin wurin zuba hatsi mita 2 ne, lissafin littafi zai ba da 3.14 sau 1 sau 1 sau 2, wato kimanin lita 6,280. To a nan ne malami zai yi shiru ya bar yara su kushe amsar. Wani zai ce ai igiyar ta waje ta bi, kaurin ginin ba a cire ba. Wata za ta ce rumbun ƙasa ciki gare shi kamar tulu, sama da ƙasa sun fi tsakiya tsukewa, don haka a auna wuri uku. Ɗan manomi kuwa zai ce su a gidansu dami ake jerawa ba tsaba ba, kuma tsakanin zangarniya da zangarniya iska ce. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan gyara ce ta gaskiya ga lissafin, kuma ta fi amsar farko daraja.

A ƙarshe a tambayi mai rumbun dami nawa yake zubawa, dami ɗaya kuma mudu nawa yake fitarwa in an sussuke. A gwama nasa da nasu. Yawanci nasa ne zai fi kusa da gaskiya, kuma yana da kyau yara su ga haka.

Dara ba wasan zaman banza ba ne? Me za a koya a cikinta?

Dara gurbi 30 ce, layi 5 kowanne gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, ɗaya da tsakuwa ɗaya da kara, ka ga gurbi 6 ne kawai ke zama fanko bayan an gama zubi. Ana matsawa gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe, duk wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Ƙa'idoji kan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, kuma a ƙasar Zuru wasan yana da tushe sosai a wurin Dakarkari, don haka a fara da rubuta ƙa'idar garin da ake ciki, daga bakin dattijon da ya iya.

Sai a tambayi yara: wurare nawa ne a kan dara ake iya jera uku? Za su fara ƙirga a hargitse, wasu su maimaita, wasu su tsallake. Wanda ya natsu zai ga cewa layi mai gurbi 6 yana ba da wuri 4, sau layi 5, 20 ke nan, layi mai gurbi 5 yana ba da wuri 3, sau layi 6, 18 ke nan, jimla 38. Tambaya ta biyu ta fi daɗi: me ya sa gwanaye ke rige-rigen kama tsakiya? Gurbin lungu yana shiga jeri 2 ne kacal, gurbin tsakiya kuwa 6. Tsohon da ke buga dara a gindin darbejiya ya san wannan da hannunsa shekara da shekaru. Yaro ne zai sa masa lamba. Yadda ake juya wasan ya zama horon ƙirƙira yana cikin amsa ta gaba.

To ina ƙirƙirar take? Duk abin da aka faɗa awo ne da ƙirga.

Ƙirƙira tana shigowa lokacin da tambaya ta ƙi amsa ɗaya. Bayan an gama ƙirga jerin dara, a ce wa kowane rukuni ya ƙago darar kansa: gurbi 20, ko 42, ko wadda sai an jera huɗu. 'Ya'ya nawa za a ba kowa don kada wasan ya cushe, kada kuma ya yi sako-sako? Su zana a ƙasa, su buga, su ga inda ta lalace, su gyara, sannan su koya wa wani rukuni. Ƙa'idar da wasu ba su gane ba, a koma a sake rubuta ta.

Ga wani da ya haɗu da aikin rumbu. A ba kowane rukuni igiya mai mita 12, a ce su kewaye fili mafi girma da za su iya, kamar za su yi wa awaki shinge. Mai tsawon 5 da faɗin 1 zai samu murabba'in mita 5. Mai 4 da 2 zai samu 8. Mai 3 da 3 zai samu 9, ya ɗauka ya gama. Sai wani ya lanƙwasa igiyar ta zama da'ira, aka samu kusan 11 da rabi. Daga nan a tambaye su me ya sa rumbu da ɗakin kara suke zagayayyu. Kada malami ya riga su faɗa. Abin da ya fi kashe irin wannan aji shi ne malamin da ba ya iya jure shirun minti biyu.

Mu a bakin ruwa muke. Akwai aikin da ya dace da yaran masunta?

Akwai, kuma yana cikin mafi kyau. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a sigarsa ta yanzu a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya tsaya ne a kan wata dabara: ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai lokacin biki, don kifi ya samu ya girma. To ta yaya za a ƙiyasta yawan kifin da ke cikin ruwa ba tare da an kame shi duka ba?

A zuba wake a ƙwarya, kada a faɗi yawansa, a ce shi ne kifin. A ɗebi 20 a shafa musu tawada a mayar, a jujjuya sosai. A rufe ido a sake ɗibar 30. In an samu 5 masu tawada, to kashi ɗaya cikin shida na abin da aka ɗebo ne ke da alama, don haka 20 ɗin nan su ma kusan kashi ɗaya cikin shida ne na duka: kimanin 120. A maimaita sau da yawa, amsa za ta yi ta canzawa, a ɗauki matsakaici, sannan a zube a ƙirga. Masu binciken dabbobi da kifaye da wannan hanyar suke aiki. Yaran Yauri da na Argungu za su faɗa maka inda take da rauni: kifi ba wake ba ne, wanda ya taɓa shiga homa ya kuɓuta ya yi wayo. Girman idon koma da girman kifin da take tarewa shi ma aiki ne mai zaman kansa.

'Yan mata fa? Yawancin misalan nan na maza ne.

Gaskiya ne, kuma malami namiji yakan faɗa wannan ramin bai sani ba. Alhali yarinyar da ke talla takan riga kowa a aji fitar da canji da ka, ko da ita ce ke ɗaukar na ƙarshe a jarrabawa. A tambaye ta yadda take yi. Sau da yawa ba ɗebewa take yi kamar na littafi ba, cikowa take yi daga kuɗin kaya zuwa kuɗin da aka ba ta, kuma wannan hanya ce ingantacciya da ta cancanci a rubuta ta a allo da sunanta.

Faifai ma cike yake da lissafi. Ana ɗinka shi zagaye bayan zagaye, kowane zagaye ya fi na bayansa tsawo da adadi ɗaya. In kaurin layin rabin santimita ne, ƙarin kusan santimita 3.14 ne kowane zagaye, lambar nan dai da aka gano a aikin rumbu. Zanen tabarma, na lalle, na kitso da na hula duk suna koyar da maimaituwar zane da daidaituwar ɓangare da ɓangare. Adashi kuwa jadawali ne: mata 10, kowace 1,000 a mako. Wa ya ci riba, mai kwasar farko ko ta ƙarshe? In farashin kaya yana tashi fa? A bar yara su kai wa iyayensu mata tambayoyin a cikin gida su kawo amsa. Ba sai an fito da kowa ba.

Za a iya amfani da gado da zakka? Ba a shiga hurumin malaman addini ba?

Za a iya, da sharaɗin malamin lissafi ya tsaya a lissafi, kada ya ba da fatawa. Kason da aka ƙayyade guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. A ce mutum ya rasu ya bar mata, uwa da 'ya'ya maza. Mata tana da sumuni, uwa sudusi. Ba za a iya haɗa su ba sai an nemo lambar da 8 da 6 duk suke rabawa, wato 24: mata 3, uwa 4, saura 17 na 'ya'ya. Abin da masu fara'il ke kira asalin mas'ala shi ne dai abin da littafin aji ke sa yara su nema kafin su tara kaso biyu. Ga manyan aji akwai auli: miji yana da rabi, 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai suna da sulusi biyu, 3 da 4 bisa 6, sun zama 7, dukiya ba ta isa ba. Sai a mayar da asalin 7, kowa ya ragu daidai gwargwado.

Zakkar amfanin gona ta fi sauƙi, kuma ta dace da masu noman shinkafa a fadamun Argungu da Suru: ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga wanda aka sha wahalar ban ruwa. Buhu 40, ko dai 4 ko 2. Ya fi kyau a gayyaci malamin fiƙihu ya tabbatar da mas'alar kafin a shiga aji. A makarantar da ke da Musulmi da Kirista, kamar da yawa a ƙasar Zuru, a mayar da wannan zaɓi cikin zaɓuɓɓuka, wani rukuni ya ɗauki rabon amfanin gonar gandu ko aikin gayya.

Wani uba ya ce ina koya wa yara hatimi. Me zan ce masa?

Kada ka yi gardama da shi, ka gayyace shi ya gani. Murabba'in lambobi da aka ambata a maganar malamin Katsina tsari ne na lambobi 1 zuwa 9 a gida tara: 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Ta ko'ina aka tara, 15 ne. Dalilin a fili yake: jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, a raba wa layi uku. Mai gida 25 kuwa 65 yake bayarwa. Babu wani asiri a ciki, tarawa ce da rabawa. Amma damuwar uban ba ta banza ba ce, don ya san inda ake amfani da irin wannan zane. Ka rubuta da lambobin boko kawai, kada ka haɗa da haruffa ko ayoyi. In gari bai natsu ba, ka bar shi. Dara za ta ba ka irin wannan horon ba tare da ka ɓata da kowa ba.

Jarrabawa da Turanci ake yi, da mita da kilo. Wannan ba zai ja yara baya ba?

Zai ja su baya in aka tsaya a rabin hanya. Kowane aiki sai ya bi mataki uku: a yi da hannu, a bayyana da Hausa har kowa ya gane, sannan a rubuta da alamomin lissafi da kalmomin da WAEC da NECO ke amfani da su. Na ukun nan shi ake yawan yarwa, saboda lokaci ya ƙare ko don ba shi da armashi. Yaron da ya auna rumbu amma bai zauna ya warware tambayoyi goma na littafi a kan girman silinda ba, zai shiga ɗakin jarrabawa da labari mai daɗi kawai. Taki da kamu da gaba hanyar shiga ce. A ƙarshe sai an juya su zuwa mita.

Kuma ba kowane babi ne ke da ɗan'uwa a al'ada ba. Kada a matsa wa abin da bai dace ba. Aiki ɗaya mai kyau a zango ya isa, a ɗora shi a kan babin da manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu, ta riga ta sa a wannan zangon, yadda in mai duba makarantu ya zo zai ga inda ya shiga.

Ajina ya haura yara 80, babu kayan aiki, kuma fita da yara akwai fargaba. Yaya zan yi?

Rukuni na mutum 8 zuwa 10, kowa da aikinsa: mai awo, mai rubutu, mai zane, mai bayani, mai neman kuskure. A riƙa juya ayyukan, in ba haka ba yaro ɗaya mai ƙoƙari zai yi komai sauran su yi kallo. Ma'auni ɗaya ya ishi makaranta: a yanka igiyoyi a ƙulla su mita-mita. Inda hanya ba ta da tabbas, kada a fita da yara ko nan da can. A kawo sana'ar cikin makaranta, ko kowane yaro ya auna abin gidansu ya kawo alƙaluma. Mudu, dara, wake da faifai duk a tsakar makaranta ake yin su.

In za a gayyato magini, masunci ko mai saƙa, a bi ta hannun hedimasta da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, a sanar da mai unguwa. A ba baƙon kujera a gaban aji, yara su kira shi Baba ko Malam, a bar shi ya yi bayani yadda ya saba, kada a gyara masa magana a gabansu. Rabin yininsa aka ci, don haka ko goro ne a ba shi.

Ta yaya zan ba da maki, tunda amsoshin rukunoni ba za su zo ɗaya ba?

Kada makin ya rataya a kan amsar ƙarshe. In aikin maki 20 ne, ana iya ba da 5 ga kyawun awo da yadda aka rubuta shi, 5 ga daidaiton lissafi, 5 ga dabarar da rukuni ya ƙago da kansa ko kuskuren da ya gano ya gyara, 5 kuma ga kowane yaro shi kaɗai. Na ƙarshen nan da baki ake gwada shi: ka nuna lamba ɗaya a takardar rukuni ka ce, "Hauwa, wannan daga ina ta fito?" Ka faɗa musu wannan rabon tun ranar farko, ka rubuta shi a gefen allo. Takardun awon kuma ka adana su da sunan gari da shekara, don ajin baɗi su auna nasu mudun da nasu rumbun su gwama da na bana.